Tsadar jinya a Sakkwato: Wa ke biyan kuɗin asibiti?

A birnin Sakkwato, kamar a sauran manyan biranen arewacin Najeriya, wanda ya kai marar lafiya asibiti shi ke biyan kusan komai: kuɗin kati, da na gwaje-gwaje, da na gado, da na magani, wani lokacin har da safar hannu da sirinjin da za a yi amfani da su.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan kiwon lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa. Ƙasashe ƙalilan ne a duniya suka kai haka.

Tun daga shekarun 1980 gwamnatoci ke ɓullo da shirye-shirye domin rage wannan nauyi. Sunayensu sun sha bamban, amma manufarsu ɗaya ce: a raba lokacin biyan kuɗi da lokacin ciwo, ta yadda ba sai mutum yana kwance ba ne za a shiga neman abin da za a sayar a gida.

Jihar Sakkwato ta ga kusan kowane irin waɗannan shirye-shirye, abin da ya sa tarihinta ke nuna inda gizo ke saƙar.

Yadda lamarin yake

Manyan asibitocin jihar a birnin Sakkwato da kewayensa suke. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ke hannun gwamnatin tarayya, haka ma asibitin masu taɓin hankali da ke Kware. Akwai kuma Asibitin Ƙwararru da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, waɗanda ke hannun gwamnatin jiha.

Ƙananan asibitocin sha-ka-tafi kuwa suna warwatse ne a mazaɓu 244 na ƙananan hukumomi 23 na jihar. Mutumin Tangaza ko Isa ko Kebbe da ciwonsa ya fi ƙarfin asibitin garinsu, sai ya haɗa da kuɗin mota da na abincin masu jinya kafin ya ga likita.

A rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar kan shekarar 2019, kusan kashi 88 cikin ɗari na mutanen jihar ne ke cikin talauci, adadin da ya fi na kowace jiha da aka auna. A wani rahoton na 2022, wanda ya duba talauci ta fuskar lafiya da ilimi da muhalli, adadin ya haura kashi 90.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano cewa kusan yaro ɗaya cikin biyar a jihar ba ya kai wa shekara biyar a duniya, kuma matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba. Binciken ya kuma gano cewa kashi 3 cikin ɗari kacal na manya a duk faɗin Najeriya ke da inshorar lafiya.

Ba tsada kaɗai ke hana mutane zuwa asibiti ba. Akwai nisa, da ƙarancin ma'aikata mata, da al'ada. Amma tsada ce ke sa a jinkirta, a fara da mai kemis na unguwa, a sayi rabin magani, sai abu ya yi tsanani a garzaya asibiti, inda a lokacin kuɗin jinyar ya riga ya ninka.

Daga kyauta zuwa biya

A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara, akasarin jinya a asibitocin gwamnati kyauta ne ko kusa da kyauta. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai kantocin asibitoci suka zama fayau. Likita ya rubuta magani, majinyaci ya fita ya nema.

Shirin tsuke bakin aljihu na SAP, wanda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɓullo da shi a 1986, ya karya darajar naira, ya kuma ƙara wa magungunan da ake shigowa da su tsada.

A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da wani tsari a birnin Bamako na ƙasar Mali. Tsarin shi ne a bai wa ƙaramin asibiti jarin magunguna, ya sayar da 'yar riba kaɗan, ya sake saro wasu da kuɗin. Najeriya, wadda Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiyarta a lokacin, ta rungumi tsarin, kuma daga nan ne asusun juya kuɗin magani ya samo asali.

A rubuce tsarin ba shi da aibi. Sai dai a wurare da dama jarin ya narke, ko dai saboda faɗuwar naira, ko saboda bashin da ba a biya ba, ko kuma saboda an karkatar da kuɗin. Asusun rarar man fetur na PTF, wanda Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta a zamanin Janar Sani Abacha, ya sake zuba magunguna a asibitoci, amma aka rushe shi a 1999.

Abin da tsarin na Bamako ya bari shi ne ƙa'idar da har yanzu ake kai: akwai magani, amma ga mai kuɗin saye.

Inshorar ma'aikata

An kafa dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, a 1999, amma sai a watan Yunin 2005 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shi.

An tsara cewa mai ɗaukar aiki zai riƙa zuba kwatankwacin kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, shi kuma ma'aikacin ya ba da kashi 5. Idan ya je asibiti, kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani kawai zai biya.

Akan biya asibiti ta hanya biyu. Ta farko ita ce wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum da ya yi rajista da asibitin, duk wata, ko ya zo ko bai zo ba. Ta biyu ita ce biya gwargwadon aikin da aka yi, idan ciwon ya kai ga tiyata ko ganin ƙwararren likita. Kuɗin kan bi ta hannun wasu kamfanonin dillalai da ake kira HMO, waɗanda asibitoci suka daɗe suna kukan cewa suna jan ƙafa wajen biya.

Kuɗin kowane mutum ya fara ne da naira 550 a wata. An mayar da shi naira 750 a 2012, daga nan bai sake motsawa ba sai a 2024, duk da irin tashin da farashin kaya ya yi a tsakani. A 2025 ne ya kai naira 1,450. Wannan na daga cikin dalilan da masu katin inshora suka saba jin an ce musu maganin ya ƙare, su je waje su saya.

A Sakkwato, waɗanda suka ci moriyar shirin su ne ma'aikatan gwamnatin tarayya, kamar na jami'a da asibitin koyarwa da jami'an tsaro, sai wasu ma'aikatan bankuna da manyan kamfanoni. Dokar ba ta tilasta wa jihohi shiga ba, kuma kusan dukkansu ba su shiga ba.

Ko ga waɗanda suka shiga ma akwai ƙa'idar da ba ta dace da gidajen yankin ba. Shirin na ɗaukar ma'aikaci ne da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, sauran kuwa sai an biya musu daban. A jihar da binciken 2018 ya nuna mace kan haifi kimanin 'ya'ya bakwai, kuma auren mace fiye da ɗaya ya zama ruwan dare, magidanci kan tsinci kansa yana zaɓen waɗanda zai rubuta cikin iyalinsa.

Shekarun kyauta

A 2005 ƙasashen ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris suka yafe wa Najeriya dala biliyan 18, bisa alkawarin cewa za a kashe rarar a kan yaƙi da talauci. Daga cikin kuɗin ne aka fara wani shiri a 2008, ta hannun hukumar NHIS, na kula da mata masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta.

Sakkwato na cikin jihohi shida na farko, tare da Gombe da Neja da Oyo da Imo da Bayelsa. An ci gaba da shirin a wasu zaɓaɓɓun ƙananan hukumomi har zuwa 2015, lokacin da kuɗin tarayya suka tsaya, jihohi kuma ba su ɗauki nauyin ci gaba da shi ba.

Ita ma gwamnatin jihar a zamanin Aliyu Magatakarda Wamakko, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, ta ɓullo da nata shirin na jinya kyauta mai suna FREMCARE, wanda ya fi mayar da hankali kan mata masu ciki da ƙananan yara.

Raunin irin waɗannan shirye-shirye a ko'ina ɗaya ne. Da zarar an yi shelar kyauta sai jama'a su cika asibiti, kuma haka ake so. Amma idan kuɗin da gwamnati za ta mayar wa asibitin ya makara, sai magani ya ƙare, a koma rubuta takarda. Ganin likita na nan kyauta, maganin kuwa yana kemis.

Misali mafi kusa yana tsallaken iyaka. Daga Sakkwato zuwa Illela, inda ake ƙetarawa Birnin Ƙonni, bai kai kilomita 100 ba. A can Jamhuriyar Nijar, gwamnatin Shugaba Mamadou Tandja ta mayar da haihuwa ta hanyar tiyata da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta tsakanin 2005 da 2006. Yawan yaran da ake kai wa asibiti ya ƙaru matuƙa. Sai dai masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun nuna yadda bashin da asibitoci ke bin gwamnati ya taru, har wasu suka kasa sayen magani.

Akwai kuma inda kyautar ta ɗore. Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, yana yi wa masu fama da ciwon da ke cin fuska aiki ba tare da karɓar ko sisi ba, kuma tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa masa. Amma wannan ciwo ɗaya ne, da mai ɗaukar nauyi tsayayye.

Abin da bai kai tsadar gado ba

Wani abin da aka yi a jihar, wanda ba a cika lissafa shi cikin gyaran tsarin biyan kuɗi ba, ya nuna wata hanyar rage tsada: a hana ciwon kai wa ga gadon asibiti.

A 2013 gwamnatin jihar ta sayi magunguna biyu masu araha da kuɗinta, tare da taimakon shirin TSHIP na hukumar raya ƙasashe ta Amurka, wanda ya yi aiki a Sakkwato da Bauchi daga 2009 zuwa 2015. Ɗaya shi ne misoprostol, ƙwayoyi uku da mace ke sha da zarar ta haihu domin hana zubar jini. Ɗayan kuma chlorhexidine ne, wanda ake shafa wa cibiyar jariri domin kada ta kamu da ƙwayoyin cuta.

Tun da yake yawancin mata a gida suke haihuwa, sai aka bi su can. An ajiye magungunan a hannun amintattun mutane a ƙauyuka, ƙarƙashin kulawar kwamitocin raya mazaɓu, tare da goyon bayan hakimai da malamai. Sakkwato ce jihar farko a Najeriya da ta yi haka a faɗin jiha baki ɗaya.

Haka kuma tun 2015 ake bi gida-gida da damina ana bai wa ƙananan yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Duk yaron da bai kamu ba, an huta da kuɗin ƙarin jini da na gado.

Dokar 2014

A watan Oktoban 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar lafiya ta ƙasa. Dokar ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda za a riƙa zuba wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya.

Rabin kuɗin na biya wa marasa galihu inshora ne. Kashi 45 na ƙananan asibitoci ne, domin magunguna da gyaran gini da ma'aikata. Ragowar kashi 5 na agajin gaggawa ne.

Sai a kasafin kuɗin 2018 aka fara ware wa asusun kuɗi, kimanin naira biliyan 55, aka kuma fara sakin su a 2019.

Sabon abu a nan shi ne kuɗin na shiga asusun banki na ƙaramin asibitin kai-tsaye, ba ta hannun ƙaramar hukuma ba. An tsara a zaɓi asibiti ɗaya a kowace mazaɓa, kuma a shekarun farko kowanne kan samu kimanin naira dubu 300 duk wata uku. Ba a cire kuɗin sai da sa hannun shugaban asibitin da na kwamitin raya mazaɓa.

Amma akwai sharaɗi. Jihar da ke son kason inshora sai ta kafa tata hukumar da za ta karɓa.

SOCHEMA da batun suna

A 2018, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, jihar Sakkwato ta yi dokar kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, wadda aka fi sani da SOCHEMA. Kano ta riga ta yi irin wannan doka a 2016.

Mai lura zai ga babu kalmar inshora a sunan hukumar, kamar yadda babu ita a ta Kano da ta Katsina da ta Zamfara. Ba haka kawai aka yi hakan ba.

Malamai da dama na ganin inshorar kasuwanci na ƙunshe da garari, wato sayen abin da ba a san tabbacinsa ba, da kuma kamannin caca da riba. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda, ta yanke cewa irin wannan inshora ba ta halatta ba, amma ta halatta wadda aka gina a kan taimakon juna da kyauta. A kan wannan ginshiƙi ne aka kafa kamfanonin takaful, waɗanda hukumar kula da inshora ta Najeriya ta fitar wa ƙa'idoji a 2013.

Bambancin yana cikin niyya da mallakar asusun. A tsarin taimakekeniya, abin da mutum ya zuba gudummawa ce ga asusun jama'a. Idan bai yi ciwo ba a shekarar, bai yi asara ba, ya taimaki wani ne. Hukumar kuma wakiliya ce mai riƙon amana, ba mai cin ribar abin da ya rage ba.

Wannan bayani ya sauƙaƙa karɓar shirin a arewa, kuma bai yi nisa da abin da mutane suka saba da shi ba na gudummawar biki da ta rasuwa da asusun ƙungiyoyin 'yan kasuwa.

Sai dai sauya suna bai magance matsalar yarda ba. A jihohi da dama ƙungiyoyin ƙwadago sun yi ta turjiya kan yanke wani abu daga albashi, saboda abin da suka gani a baya game da kuɗin fansho da na gidaje. Ma'aikaci kan tambaya: idan an yanke nasa, ita gwamnati za ta zuba nata?

Lissafin da ke da wuya

Inshora kowace iri na tsayawa ne idan masu lafiya da yawa suna zubawa, marasa lafiya kaɗan suna ɗiba. Hanya mafi sauƙi ta tara kuɗin ita ce a yanka daga albashi. To amma masu albashi 'yan ƙalilan ne a Sakkwato. Akasarin jama'a manoma ne da makiyaya da masu ƙananan sana'o'i, waɗanda kuɗi ke zuwa musu da kaka ko ranar kasuwa.

Idan kuwa aka bar shiga ga mai so, waɗanda suka san suna da ciwo ne ke fara zuwa, irin su masu hawan jini da ciwon suga da mata masu ciki. Sai asusun ya riƙa fitar da fiye da abin da ke shiga.

A ƙa'idar da aka fara aiki da ita, naira 12,000 ake biya wa kowane marar galihu a shekara daga asusun tarayya. Idan aka raba rabin naira biliyan 55 ta 2018 a kan wannan farashi, mutum miliyan biyu da 'yan kai kawai za ta ɗauka a duk faɗin ƙasar.

Ƙidayar 2006 ta nuna jihar Sakkwato na da mutum miliyan 3.7, kuma ƙiyasin hukuma na baya-bayan nan ya haura miliyan 6. Idan miliyan 5 daga cikinsu matalauta ne, biya musu a kan wancan tsohon farashi zai ci naira biliyan 60 a shekara, wato fiye da abin da aka ware wa ƙasar baki ɗaya a 2018.

A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar doka da ta maye gurbin NHIS da hukumar NHIA. Dokar ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma kafa asusun marasa galihu, wanda aka ce zai kula da mutum miliyan 83. Zuwa ƙarshen 2024 waɗanda ke da rajista a duk shirye-shiryen ƙasar sun ɗan haura miliyan 19, a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200. Wajabta abu a doka bai sa wa manomin Gwadabawa kuɗin biya a aljihu ba.

Ƙasashen da suka yi nisa a wannan fanni da kuɗin haraji suka yi. Ghana ta kafa nata shirin a 2003, ta ɗora shi a kan ƙarin kashi 2.5 cikin ɗari na harajin kayayyaki. Tailan ta ɗauki nauyin waɗanda ba su da albashi daga baitulmali tun farkon shekarun 2000. A cikin gida, Kano ta kafa asusun amana na lafiya a 2017, wanda doka ta ce a riƙa zuba masa kashi 5 cikin ɗari na harajin cikin gida na jihar.

Sakkwato na cikin jihohin da harajinsu na cikin gida ba shi da yawa, sun fi dogara da kason da ke zuwa daga Abuja. Shi ya sa komai ke komawa kan kasafin kuɗi. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari, amma gwamnatin tarayyar Najeriya ba ta taɓa kai wa haka ba. A jihohi kuwa, abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban.

Zakka da waƙafi

Sakkwato na da wata kafa da ba kowace jiha ke da irinta ba. Kwamitin zakka da aka kafa a zamanin Wamakko ya zama cikakkiyar Hukumar Zakka da Waƙafi a 2016, kuma Malam Muhammad Lawal Maidoki ya daɗe yana jagorantar ta. Hukumar na samun kuɗi daga gwamnatin jiha da kuma masu fitar da zakka, kuma cikin ayyukanta akwai biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani da na jinya a asibitoci.

Jingina jinya da waƙafi tsohon abu ne a tarihin Musulunci. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 da kuɗin waƙafi yake kula da majinyata kyauta.

Taimakon hukumar dai kan zo ne bayan mutum ya kwanta, lokacin da kuɗin ya riga ya yi yawa. Abin da zai biya wa mutum ɗaya tiyata zai iya yi wa mutane da dama rajistar shekara guda. A Indonesiya, hukumar zakka ta ƙasa kan biya wa wasu matalauta kuɗin shiga inshorar gwamnati.

Akwai tambayar fiƙihu a nan, domin malamai da yawa na sharɗanta cewa sai an mallaka wa mabuƙaci zakka a hannunsa, kuma zuba ta cikin asusun da mai hali ma ke amfana da shi na buƙatar fatawa. Waƙafi da sadaka ba su da wannan ƙaidi.

Farashin magani bayan 2023

Duk wani lissafi da aka yi kafin 2023 ya rushe a cikin 'yan watanni. A ranar 29 ga watan Mayun shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, a ranar da shi ma Ahmed Aliyu ya karɓi mulkin jihar Sakkwato. A watan Yuni aka saki naira, wadda ta tashi daga kimanin 460 a kan dala ɗaya a farashin hukuma, ta haura 1,500 a 2024.

Najeriya na shigo da kimanin kashi 70 cikin ɗari na magungunanta daga waje, musamman Indiya da Sin, kuma masana'antun cikin gida ma daga waje suke sayo sinadaran haɗawa. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK ya sanar da daina sayar da kayansa kai-tsaye a ƙasar, kamfanin Sanofi ya bi sahu a watan Nuwamba. Farashin wasu magungunan asma da na kashe ƙwayoyin cuta ya ninka sau da yawa.

A watan Yunin 2024 shugaban ƙasa ya sa hannu kan umarnin janye harajin kwastan da na kayayyaki daga sinadarai da injinan haɗa magunguna na tsawon shekara biyu, amma sai a 2025 hukumar kwastan ta sanar da fara aiwatarwa. A watan Nuwamban 2024 kuma ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da cewa za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin da aka tantance, ta hannun hukumar NHIA.

A matakin jiha, makamin da ke hannun gwamnati shi ne saye a dunƙule. Idan hukuma ɗaya ta saro wa dukkan asibitoci kai-tsaye daga masana'anta, farashi kan sauka, kuma jabun magani kan ragu. Jihohin arewa da dama, har da Sakkwato, sun kafa hukumomin kula da sayen magunguna domin haka. Tsohon tsarin Bamako ne aka faɗaɗa, kuma abin da ya kashe na farkon, wato narkewar jari, shi ne abin tsoro a wannan ma.

A watan Janairun 2025 gwamnatin Shugaba Donald Trump ta dakatar da akasarin tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje, daga baya ta rushe hukumar USAID, wadda ta shafe shekaru tana aiki a ƙananan asibitocin Sakkwato. Majalisar dokokin Najeriya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na shekarar domin cike giɓin a ƙasar baki ɗaya.

A gabashin jihar kuwa, hare-haren 'yan bindiga a yankunan Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo sun kori ma'aikata daga wasu ƙananan asibitoci. Mai katin SOCHEMA da aka yi wa rajista a irin wannan asibiti sai ya yi tattaki zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ko birnin Sakkwato, kuma katin ba ya biyan kuɗin mota.